Ɗakin Ƙarfe a Cikin Gida: Kafin Ka Sayi Inji

Wata huɗu cur injina ya yi a zaure, lulluɓe da tsohon tamfol, duk mai shiga gidan sai ya karkace kafin ya wuce. Da ɗoki na saye shi. Sai da ƙarti biyar suka sauke shi daga a-kori-kura, suka karɓi ladansu suka kama gabansu, sannan na fara tunanin inda zai zauna. Ƙofar ɗakin da na yi masa niyya ta yi kaɗan, daɓen duk ya farfashe, wayar da ta kai wuta ciki kuwa ko dutsen guga aka jona mata sai ta ɗau zafi. Uwargida ta yi ta haƙuri, har ranar da 'yan'uwanta suka zo suna, zanen ɗaya daga cikinsu ya kwashi baƙin mai. Da dare ta ce, "Malam, wannan baƙon naka, yaushe za a ba shi masauki?"

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wane inji zai fara saya, sai in ce ya fara kai ni in ga ɗakin.

Maganar da nake yi ta ɗan wurin aikin ƙarfe ce na cikin gida, na mai sha'awa da ke shiga bayan la'asar ko ranar hutu, ba na wanda abincinsa ke nan ba. Uban tafiyar shi ne injin nan da ake kira lez. Yana cafke sandar ƙarfe ya yi ta juya ta, kai kuma kana matso da wuƙa tana fere ta kamar mai feraye rake, har ta dawo kaurin da kake so. Da shi ake fitar da zare a jikin ƙusa, a rarake rami, a yi bushi, a gyara shaf da ya cinye. A Ingila wannan sha'awa ta daɗe. Tun a 1898 suka fara buga mujallarsu mai suna Model Engineer, kuma a 1946 kamfanin Myford na Nottingham ya fito da ƙaramin lez ɗin nan ML7, wanda mutane suka riƙa kafawa a rumfunan bayan gidajensu suna ƙera 'yan jiragen ƙasa masu tafiya da tururi. Mu namu dalilin ya fi kusa da tsakar gida: bushin fanka ya cinye, sandar injin markaɗe ta kwance, notin keken ɗinkin Hajiya ya faɗi ya ɓata, an zaga kasuwa ba a sami irin zarensa ba.

Ƙira dai gadonmu ce, amma wannan aiki ba ƙira ba ne. Maƙeri da wuta da guduma da ido yake aiki, kuma a wurinsa gaskiya ne, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A gaban lez wannan karin magana ba ta ci. Boris ɗin da zai zauna daram a kan shaf da wanda zai riƙa rawa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Duk abin da za ka yi wa ɗakin, daga daɓe har rufi, wannan 'yar tazara kake wa hidima.

Ɗaki mai mita 3 da mita 4 ya wadatar. Ya kasance a ƙasa, ba bene ba, ƙofarsa ta kai mita ɗaya in da hali, kuma babu matattakala tsakaninta da inda mota za ta tsaya. Daɓen ya zama kankare mai kaurin santimita 10 ko fiye, a shafe shi da fentin ƙasa, don siminti tsirara kullum cikin sakin gari yake. In rufin kwano ne a sa sili. Ba don zafin Maris da Afrilu kaɗai ba, har don ɗigon da ke sauka a kan ƙarfe da damina.

Babban abokin gabarka a ƙasar nan ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, abin da take ɗauke da shi kuwa niƙaƙƙen yashi ne. In ya sauka a kan man da ke gadon inji, wato dogon ƙarfen da sassansa ke zamewa a kai, sai ya zama irin kullun nan da makanikai ke goge bawul da shi, kai kuma duk juyin da ka yi wa hannun inji, da kanka kake cinye gadon. Saboda haka tagar arewa da ta gabas a sa musu gilashi mai rufuwa ruf, a toshe ƙasan ƙofa da guntun roba. Dutsen giranda ma irin wannan yashi yake fesawa, har ya fi na hunturu kaifi. Na ga wuraren da aka jera giranda kafaɗa da kafaɗa da lez don wai a riƙa wasa wuƙa ba tare da an yi tafiya ba. Wannan araha ce da ba ta ado. Ni biyu na raba wurina. Duk abin da ke tartsatsi ko tayar da gari, giranda da walda da yankan katako, suna waje ƙarƙashin rumfa. Abin da ke aiki da mai da awo yana ciki. Taku shida ne tsakani, kuma ban taɓa jin sun yi mini yawa ba.

Da damina kuma sai tsatsa ta karɓi aiki. A watan Agusta, ka taɓa gogaggen ƙarfe da hannu mai gumi ka tafi, gobe za ka tarar da hoton yatsanka ja. Maganin shafa mai ne a duk inda ƙarfe yake tsirara, sannan a rufe inji da tsohon zanen gado na auduga. Kada a rufe da leda, tana tara raɓa a ciki. A durowar kayan awo a jefa kafur ɗaya ko biyu, tsohuwar dabarar masu wannan sana'a ce.

Wajen zaɓar mazaunin inji, ka bar abin da mutum zai iya zura hannu da tsintsiya a bayansa. Gefen hagu kuma, inda kan injin yake, ya kalli fili ko ƙofa, domin akwai rami da ya ratsa kan, doguwar sanda ta nan take fita. In ka manna wannan gefen da bango ka rage wa injinka rabin amfani. Sai dai fa sandar da ta leƙo da tsawo ta bayan, in ba a tallafe ta ba, tana iya lanƙwashewa cikin juyi ta zama bulala. Ka yanke ta ya fi.

Sai wuta, kuma a nan zan daɗe, don littattafan Turawa ba su san irin tamu ba. A takarda volt 230 ake ba mu. A zahiri kowa ya san yadda ƙwan fitila ke komawa kamar garwashi da magariba. Motar inji ba yawan wuta kaɗai ke ƙona ta ba. Ƙarancinta ya fi yi mata illa, domin sai ta riƙa gurnani tana jan abin da ya fi ƙarfinta har wayoyin cikinta su gasu. Ka kafa ɗan agogon auna wuta a bango inda idonka zai riƙa kai wa. Ni in ya sauka ƙasa da 200 ba na kunna komai, sai in ɗauki magagari ko tsintsiya. Ka sa mai gyaran wuta na ƙwarai ya ja wa ɗakin layinsa daga akwatin gida, da waya mai kaurin 2.5, da nata makashin, da na'urar nan mai katse wuta in ta fara zurarewa ta jikin mutum, mai lamba 30mA. A kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa jikin kowane inji da ita. Da rani ƙasa na bushewa ƙayau, sandar ta rage aiki, don haka a riƙa zuba mata ruwa. In ta yi kusa da inda ake alwala an huta.

In da janareta za ka yi aiki, ka sani mota na jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarta a daidai lokacin tashi. Mota mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ce, amma ɗan janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba zai tashe ta ba. Ka nemi mai 2.5kVA zuwa sama.

Akwai kuma abu ɗaya da zan roƙe ka kada ka ɗage. Wata ranar Asabar ina tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Na ja wuƙa baya, na zura makulli a cak, wato muƙamuƙin da ke cafke ƙarfe, zan kwance aikin, sai aka yi sallama a ƙofar gida. Na fita na bar makullin a soke, makunnin kuma a kunne, don wanda aka ɗauke wa wuta ba ya tuna makunni. Muna cikin gaisawa muka ji ƙara kamar an jefi kwano da dutse. An dawo da wuta, inji ya tashi da kansa, ya wulwula makullin ya huda sili. Daidai inda ya bi, nan fuskata take in ina tsaye. Washegari na sa aka cire makunnin aka sa irin mai maɓalli biyu, kore da ja, wanda da zarar wuta ta yanke yake sakin kansa, ba ya sake tashi sai an danna koren. Masu wuta na kiransa kontakta, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kowane inji a wurin ya sami nasa, har giranda da injin huji. Makullin cak kuma na ɗaura masa sifirin, yadda in ka sake shi zai tunkuɗo kansa waje.

Haske ma a kula. Tsohuwar doguwar fitilar nan tana ƙiftawa da sauri fiye da yadda ido ke gani, har takan sa abin da ke juyawa ya yi kamar a tsaye yake. Fitilar LED mai kyau a sama, da wata ƙarama mai lanƙwasa wuya a kan inji, sun isa.

Benci ba ya buƙatar dogon bayani: katako mai kauri, ƙafafu masu nauyi, a ɗaure shi da bango don kada ya riƙa binka in kana goga. Bais ɗin da za ka ɗaura a kai, bakinsa ya zo daidai gwiwar hannunka in kana tsaye. In ya yi ƙasa bayanka zai gaya maka, in ya yi sama gugarka ba za ta taɓa miƙewa ba. Gaskiya ma, wanda ya yi wata biyu da benci da bais da zarton ƙarfe da magagari kafin inji ya iso, ya fi saurin gane injin.

To, yanzu a je kasuwa. Lez iri uku za ka gamu da su. Akwai ƙananan sababbi 'yan Sin, irin na kamfanin Sieg da ke Shanghai da masu kama da su, nauyinsu wajen kilo 40, suna juya abu mai faɗin milimita 180, tsawon kuma 300 ko 350. Mutum biyu sun ɗauka, wutar gida ta ishe su, zarensu na milimita ne. Laifinsu rashin nauyi, da giyoyin roba, da allon lantarki da ba ya jure hawa da saukar wutarmu sai da sitabilaiza. Akwai tsofaffin na kan benci, irin su Myford da Boxford na Ingila da South Bend na Amurka. In ka dace da mai lafiya, ni shi zan ce ka ɗauka. Sai manyan na masana'antu, su Colchester da Harrison, waɗanda akan ci karo da su a wurare irin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, ko wajen gwanjon kayan kamfanin da ya rufe. Wani lokaci sun fi ƙananan araha, kuma nan tarkon yake. Colchester Student, wanda a cikinsu ƙarami ne, ya haura rabin tan, kuma wuta mai layi uku yake ci. Akwai mafita: akwatin da ake kira VFD yana karɓar layi ɗaya ya fitar da uku, ya ba ka damar rage gudu da ƙarawa, ya kuma tashi mota a hankali yadda janareta ba zai shaƙe ba. Amma volt 230 yake fitarwa, don haka ka duba farantin jikin motar. In ka ga lamba biyu, kamar 220/380 ko 240/415, za a iya sauya mata haɗi ta karɓa. In lamba ɗaya ce babba, sai ka sa kuɗin wata motar cikin lissafi.

Kada ka yi cinikin biri a sama, kada kuma ka je kai kaɗai. Ni wani dattijo na roƙa, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a masaƙa kafin ta rufe. Na farko da aka nuna mana yana ta ƙyalli, an yi masa sabon fenti kore. Na fara washe baki. Baba bai ko dubi fentin ba. Ya kawo sirdin injin, wato abin da ke ɗauke da wuƙa yana zamewa a kan gado, kusa da cak, ya ɗan ɗaure makullinsa yadda zai motsa da ƙyar, sannan ya fara tura shi wajen wutsiya, wato matallafin da ke ɗaya ƙarshen gadon. Bai yi tafiyar taƙi ɗaya ba ya cije. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka gani? Nan kusa da kai duk aka yi aikin shekara da shekaru, gadon ya zama kwari. Fenti ba ya fere ƙarfe. Mu tafi."

Wannan gwaji shi ne na farko, don gadon da ya cinye gyaransa ya fi kuɗin injin. Bayansa ka kama cak ka jijjiga sama da ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin kai ya tafi ko yana son ɗauri. Ka buɗe murfin giyoyi ka juya da hannu, ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ka sa a kunna, ka saurara a kowane gudu. 'Yar rawar da hannuwa ke yi kafin su kama ba abin tsoro ba ce, kowane tsohon inji na da ita, ana koyon zama da ita. Abin da mutane ke mantawa shi ne tarkacen da ke biye da injin: jerin giyoyin canji na yanka zare, haƙoran cak na ciki da na waje, cak mai haƙori huɗu, matallafin doguwar sanda. Waɗannan in ba su zo tare ba, samunsu sai an sha wuya. Ka tambayi mai kaya ko akwai wani akwati ko bokiti da ya zo da injin. Sau da yawa yana can ƙarƙashin tebur. Ka kuma duba ko injin na inci ne ko na milimita. Tsofaffin na Ingila da Amurka yawanci na inci ne, alhali kusan duk ƙusar babur da mota da janareta da ke hannunmu yau ta milimita ce. Injin inci na yanka zaren milimita ne da giya mai haƙori 127, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, in ka ninka sau biyar ka sami 127. In ka gan ta cikin tarkacen, kada fuskarka ta nuna.

Wajen ɗauko shi, ka tuna lez nauyinsa a sama yake, kuma yakan kife ba sallama. A cire cak da wutsiya da mota, a ɗaure sirdi, a gangara shi a kan guntayen bututun ƙarfe. Kada kowa ya kama doguwar sandar zare ko hannuwa ya ɗaga, kada kuma wani ya ce zai tare shi in ya tashi faɗuwa.

Kafa shi ne aikin da aka fi rainawa. Gadon lez, duk da ƙarfen zubi ne, yana murɗewa in aka ɗaure shi a kan abin da bai daidaita ba, kuma murɗaɗɗen gado ba ya fitar da sanda mai kauri ɗaya. Kullum gefe ɗaya zai fi. Ga yadda ake ganewa. Ka cafke sanda mai kaurin milimita 25, ka bar wajen 150 a waje, ba tare da wutsiya ta tallafe ta ba. Ka rage tsakiyarta kaɗan, ya zama saura zobe biyu, ɗaya kusa da cak, ɗaya a ƙarshe. Da wuƙa mai kaifi sosai ka shafi zoben biyu da yanka ɗaya siriri, ba tare da ka taɓa hannun zurfi ba. Sai ka auna. In na ƙarshen ya fi kauri, ka ɗaga ƙafar gaba ta ɓangaren wutsiya. In ya fi siranta, ta baya. Abin ɗagawar ba wani abu ba ne, gwangwanin lemo za ka yanka, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka sa, ka ɗaure, ka sake yanka, ka sake awo. Ni yini guda na yi a kai. In a kan katako injin yake zaune, ka maimaita bayan damina ta sauka da kuma tsakiyar hunturu, don katako yana sha yana kumbura, yana bushewa yana motsewa.

Kada ka zuba duk kuɗinka a inji. Abin da za ka kashe a kayan da ke kewaye da shi zai kai kuɗinsa, wani lokaci ya wuce. Na awo su ne gaba: rula ta ƙarfe, baniya mai karanta 0.02, maikuromita ta 0 zuwa 25 mai karanta 0.01, da agogon awo mai gindin maganaɗisu. Baniya mai batir tana da daɗin karatu, amma ranar da ka fi buƙatarta ranar batirin ke mutuwa. Ka koyi karanta ta hannu. Wuƙaƙe kuwa, ka fara da ƙarfen HSS da za ka wasa da kanka. Masu ɗan haƙorin kabaid da ake ɗaurawa suna son inji mai nauyi da gudu, a kan ƙarami sai su riƙa guntulewa suna cin kuɗi. Bakin wuƙa dole ya zo daidai tsakiyar sanda. Ka matse rula a hankali tsakanin bakin da sandar: in ta tsaya cak, ka dace; in kanta ya karkata can baya, wuƙar ta yi sama; in ya karkato wajenka, ta yi ƙasa.

Lissafi biyu na rubuta da alli a bango. Na farko na gudu: baƙin ƙarfe mai taushi da wuƙar HSS yana son wajen mita 30 a minti, don haka ka ninka 30 da 320, ka raba da kaurin sandar. Sanda mai 25 ta ba ka juyi 380 da 'yan kai a minti. Alminiyam ya ɗauki ninki uku na haka. In ɓawon da ke fita ya fara zama shuɗi, gudun ya yi yawa. Na biyu na ramin da za a yi wa zare: ka cire tazarar zaren daga kaurin ƙusar. M6 ramin 5, M8 ramin 6.8, M10 ramin 8.5. Injin huji na tsaye shi ne saye na biyu. Injin milin kuwa ka bar shi tukuna. Bridgeport ɗin da kowa ke mafarki ya kusa tan guda, kuma shekara biyu za ka yi kafin ka buƙace shi da gaske.

Tsarin ajiya ƙa'idarsa ɗaya ce a wurina: abin da hannu ke nema kowane minti ya zauna inda hannu zai kai ba tare da ƙafa ta motsa ba, na kowace rana a durowa, na wata-wata a kan kanta can sama. Sai dai kada ka rataye komai a bangon da ke bayan cak. Kowa na yin haka don ya fi kyau a ido, amma ma'anarsa kullum za ka riƙa miƙa hannu ta saman abin da ke juyawa. Allon rataya ya koma dama, wajen wutsiya. Ka zana siffar kowace sifana a inda take rataye, da kallo ɗaya ka san wadda ba ta dawo ba, ka kuma san yaron gidan da za ka tambaya. Magagarai kada su kwanta a kan juna, suna dakusar da kansu. Bakunan huji a huda musu guntun katako, kowanne da lambarsa. Notuna da wasoshi a gwangwanayen madara, a rubuta sunan a jiki, ba a murfi ba, don murfi yawo yake. Kayan awo su kaɗai a durowarsu, a kan ƙyalle. Kan gadon inji kuwa ba tebur ba ne. Ka ajiye ɗan falanki da za ka riƙa shimfiɗawa duk lokacin da za ka cire cak, don in ya suɓuce ya faɗa kan katako. Man gado mai lamba 68 ake so. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda na ga mutane na shafawa, cike yake da garin ƙarfe.

Ƙarfen aiki daga 'yan gwangwan za ka fi samunsa, amma ka tafi da magagari a aljihu. Ka goga: in ya ci, lez zai ci, in ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, bar musu kayansu. Rodin gini ba ya feruwa da kyau, wani wuri taushi wani wuri tauri. Sandunan cikin tsohuwar firinta suna da daɗin yanka, tsofaffin kawunan famfo na ba da tagulla. Duk abin da yake rufe ruf, tukunyar gas ko shokozoba, kada ka sa masa zarto. Ka ware wa guntaye akwati ɗaya tak. In ya cika, sai wani ya fita kafin wani ya shiga, in ba haka ba cikin shekara ɗaya kai ma ka zama ɗan gwangwan.

Maganar sutura dole in yi ta ƙarara, don tufafinmu ba a ɗinka su domin wannan ɗaki ba. Babbar riga, kaftani mai dogon hannu, jelar rawani, mayafi, carbi a wuyan hannu, zoben azurfa, duk a bar su a ƙusar bakin ƙofa. Lez ba ya yaga tsumma ya bar maka. Naɗewa yake yi ya jawo mai shi. Safar hannu ma haka, ta fi hannu tsirara haɗari. Riga mai gajeren hannu, takalmi rufaffe, tabarau na kariya ko da yankan minti ɗaya ne. Ɓawon ƙarfe da ke nannaɗowa kaifinsa na reza ne. A tsayar da inji, a ja shi da ƙugiya, a share da burushi. Kada a hura da baki. Tukunyar kashe gobara da bokitin yashi su zauna kusa da ƙofa, ba can ƙurya ba.

Maƙwabta za su ji ƙara, kuma ba a jima za su fara zuwa. Ni na yanka wa kaina lokaci: ba na kunna giranda da tsakar rana lokacin da mutane ke ƙailula, ba na kunna komai bayan isha'i. Mai markaɗe da tela da mai faci in sun kawo ɗan gyara ina yi, a nan ma na fi koyo. Abu biyu ne ba na karɓa. Ba na taɓa abin da ya shafi birki ko sitiyari, don ran mutane bai kamata ya hau kan aikin ɗan koyo ba. Kuma duk wanda ya zo da zane a takarda, ko guntun bututu, ya ce a rarake masa kaza a yi masa zare kaza, amma ya kasa faɗin na mene ne, sai in ce injin ba shi da lafiya. Ƙera sassan bindiga ba tare da izini ba, laifi ne a dokar ƙasa, kuma a zamanin da muke ciki ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Minti goma na ƙarshe na shara ne. A kwashe ɓawo, a goge gado, a ɗiga sabon mai a zazzaga sirdi gaba da baya, a mayar da kowane abu kan zanensa, a ja zanen gado a rufe. Sai a kashe babban makashi, a sa kwaɗo. Da can a kan dogarin ƙofa nake ɗora ɗan makullin, har ranar da na tarar da autana ya jawo turmi ya hau yana lalube. Yanzu yana cikin zoben makullan motata.